Batiri Mai Jan Ɗigo

Saje Caji ake ce masa a bariki, don shi ke riƙe da ɗakin da ake cajin batiran rediyon sojoji. Da can yana cikin masu binne wayar sadarwa, irin mai zaren gilashi a ciki, sai wata rana ya zurma ramin waya ƙafarsa ta karye. Ɗorin bai yi kyau ba, aka ajiye shi a wannan ɗaki mai dogayen kantoci da fanka mai ƙara. A nan ya tsufa yana ɗingishi, yana jin haushin duk mai tafiya daidai.

Aikin kam ya iya shi. Batiri in ya tsufa maƙaryaci ne: a ɗora shi a caji ya nuna koriyar wuta, a fita da shi daji ya mutu kafin rana ta take. Saje ba ya yarda da wutar nan. Yakan ajiye batiri a kan tebur ya danna gefensa, in ya yi lilo to cikinsa ya kumbura, ya gama yayi. Masu kyau ba su da yawa, sababbi kuwa kullum suna hanya. Su masu kyan yake ɗiga wa jan farcen matarsa a gindi, ya tura su ƙasan kanta.

Masu ɗigo na farko na ɗansa ne, Auta, wanda ya shiga soja yake goya rediyo a ayarinsu. Matar Saje ta san da zancen, ita ma take miƙa kwalbar da hannunta. Sauran kuwa sai wanda ya iya gaisuwa. Wanda ya shigo da girman kai, Saje ya yi masa murmushi ya zaɓo masa mai kumburi, har da goge masa ƙura.

Akwai wani kofur mai bakin tsiya, Tsini ake kiransa. Shi ne ya taɓa kwaikwayon tafiyar Saje a gaban jama'a, aka yi ta dariya. Saje mutum ne mai riƙo, ko akuya ta harare shi sai ya rama. Tun daga ranar ayarin Tsini bai ƙara ganin batirin kirki ba. Su fita sintiri rediyonsu ta yi shiru, su dawo a sa su tsallen kwaɗo a rana. Saje ya jingina da taga yana kallo, daɗi har kunne.

Ran nan da safe Tsini ya zo karɓar batiri, fuskarsa ba wasa.

"Saje, don Allah yau a taimaka. Inda za mu ba kyau, waya ba ta kai can ba. Rediyon nan ce kawai."

"Haba Kofur, ba ka ga kore ba? Cike suke taf," in ji Saje, ya tura masa biyu da shi kansa ya san ko kyauta ba za su karɓu ba.

Da hantsi ya leƙa wurin mai shayin bakin ƙofa. Mai shayin yana zuba masa yana cewa, "Yaron nan naka akwai kirki. Mai rediyon Tsini zazzaɓi ya kwantar da shi, ana neman wanda zai maye, Auta ya ce shi zai je. Ya goya rediyonsu ya haye mota, ko shayinsa bai shanye ba."

Saje ya ajiye kofin. Ya koma ɗaki ya jawo masu ɗigo biyu, ya nufi ɗakin sadarwa yana jan ƙafa, tsoro ya cika shi. Ya roƙi hafsan da ke wurin a ba shi mota ya bi su, hafsan ya ce ya fita ya ba mutane wuri. Bai fita ba. Yana tsaye a bakin ƙofa muryar Auta ta shigo, da ƙarar harbi a bayanta.

"An tare mu! Muna kusa da wata gada, ta gefen..."

Shi ke nan. Aka yi ta kira, ba amsa. Gadoji kuwa sun yi yawa a wannan hanya, masu kai ɗauki sai da suka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Washegari aka kawo rediyon ɗakin caji da sauran kayan da aka tsinto. Ba wanda ya tuhumi Saje, batiri ai yakan mutu. Ya zare batirin ya juya gindin, ba ɗigo. Hannunsa ya ɗora shi a caji don sabo, ba a jima ba ya nuna kore.

Bayan masu gaisuwar rasuwar Auta sun watse, matarsa ta zo ta zauna kusa da shi, muryarta ta dushe saboda kuka.

"Baban Auta, mai ɗigo ka ba shi ko?"

Saje ya dubi ƙasa. "Mai ɗigo na ba shi."

Ta sauke numfashi, ta dafa gwiwarsa mai ciwon. "To ai ka yi naka. Allah ya saka maka da abin da ka yi masa."

Ta dube shi tana jira ya ce amin.