Ranar da Umma Ta Juya wa Yaya Musbahu Baya

Duk Bakanon da ya taɓa aiko kaya daga Dubai, da wuya a ce bai san Yaya Musbahu ba, mijin yayata Mahfuza. Shi ne dogon nan na ofishin kago a Al Khabaisi, mai naɗe kwalaye da salatef, waya maƙale a kafaɗa, yana ta "yalla, yalla" da leburori. Mutumin kirki ne wallahi, sai dai ba ya wasa da cikinsa. Babu lungun abincin da bai sani ba, tun daga biryanin Hor Al Anz har unguwar 'yan Caina, inda yake da aboki, wani dattijo ɗan Caina Musulmi mai gidan abinci, Hajji Nuhu.

Hutun bara na raka Umma muka je musu. Tun da muka sauka bawan Allahn nan ya shiga uku. Ɗaki ɗaya ne da falo, ga surukarsa zaune a falon, shi kuwa tun da aka ɗaura aure bai taɓa kai loma baki a gabanta ba. Sai dai ya laɓe a kicin, ya ci a tsaye kamar na sata. Ni kuma ƙanwar mata, in ban tsokane shi ba wa zan tsokana?

Ran Lahadi da la'asar ya kwashe mu, ni da Umma da Yaya Mahfuza, zuwa unguwar 'yan Caina sayen 'ya'yan itace. Kai, mun ga ikon Allah! Akwai wani mai jan ɓawo, cikinsa fari tas da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa habbatussauda. Akwai lici, ɗan ƙanƙani mai ƙaiƙayin ɓawo, zaƙi kamar ya tsinke harshe. Umma ta cika leda, har da neman gyara da hannu, kuma aka ba ta.

Daga nan ya ce mu leƙa mu gaida Hajji Nuhu, gaisuwa kawai. Ashe dattijon, tun da ya ji surukar abokinsa ta zo, da safe ya ɗora romon rago. Kafin mu ankara an zaunar da mu, an dire tukunya guda tana tafasa a tsakiyar tebur, ga yankakken nama da ganye da taliya. Wai kowa ya jefa nasa ya tsamo. Tukunya ɗaya, shi da Umma!

Yaya Musbahu ya sunkuyar da kai, ya harɗe hannuwa, gumi na tsatstsafo masa duk da sanyin esi. Hajji Nuhu ya tura masa nama, bai taɓa ba. Ya ƙaro yaji, ko kallonsa bai yi ba. Mutumin da ya saba ganin yana tashi da kwano uku!

"Habibi, mushkila?" in ji dattijon da Larabci, wai ko akwai matsala.

Yaya Musbahu ya yi ta kame-kame da guntun Larabcinsa, amma ina, ya kasa fahimtar da shi kunyar suruka. Fuskar Hajji Nuhu ta canza. Ya ɗanɗana romon, ya girgiza kai, ya ɗauko tsumma zai sauke tukunyar, a zatonsa girkin ne ya ɓaci, ya kunyata abokinsa gaban baƙi. Nan dariyata ta tsaya. Wallahi tausayinsu ya kama ni su biyun.

Umma ta taɓa ni. "Khairunnisa, me ya sami tsohon nan?"

Na raɗa mata. Ta miƙe, ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ɗora ledarta a cinya, ta hau ɓare lici.

"Ki ce da mijin yayarki ni ban ga kowa ba."

Ai kuwa ya yi bismilla. Hajji Nuhu ya washe baki yana ta zuba masa. Can da romo ya ratsa shi, Yaya Musbahu ya manta inda yake, ya lumshe ido ya ce, "Wallahi in na koma Kano sai na gina wa rago masallaci."

Santi, a gaban suruka! Yaya Mahfuza ta kifa kai a tebur, ni kuwa har da hawaye. Shi ko ya daskare, taliya na reto a bakinsa.

Kafaɗun Umma suna ta rawa. Ba ta waiwayo ba, ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Ku ƙyale min ɗana ya ci abincinsa. Khairunnisa, ƙara masa nama."