Malam Hambali da labarin da ya ƙi rubutawa

Idan ka bi ta bayan makarantar firamare ta Gwaram da hantsi, za ka tarar da wani dattijo a kan buzu ƙarƙashin dalbejiya, ya kai takarda kusa da fuska kamar zai shinshine ta. Malam Hambali ke nan, malamin yaƙi da jahilci, wanda ya ajiye aiki a ƙarshen daminar nan don ido ya ƙi. Tun kafin a sami 'yancin kai al'adarsa ɗaya ce: ya sha kunu, ya rubuta abin da ya sawwaƙa, ya hau kekensa zuwa Dingaya ko duk ƙauyen da aji ya faɗo a ranar.

Labaran masu laifi yake rubutawa. Ya lura cewa magidancin da ya wuni a gona, in ka ce ya zo ya haɗa baƙi da wasali, gyangyaɗi zai yi maka. Sai ya riƙa tsara musu labarin an kore shanu, ko an tsinci gawa a bakin rafi, ya karanta rabi ya yi shiru. Mai son ya san ɓarawo, ga takarda, ya karanta da kansa. Wallahi na ga tsoho da furfurarsa yana gumi a kan layi guda don ya san wanda ya ƙona rumbu. Ni kaina da aurena na shiga ajin, kuma ɗan abin da nake rubutawa yau a wurinsa na tsinta.

Yana da ƙa'idoji, ba ya kuwa wasa da su. Ba ya fara labari sai ya san mai laifin. Dole mai laifin ya fito tun farko, ya gaisa da jama'a, a ci tuwo da shi. Na taɓa kai masa wani nawa, ya karanta ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan baƙon da ka jawo daga Jos a shafin ƙarshe, wa ya san shi? Ka cuci mai karatu."

Yakan je kotun alƙali a Birnin Kudu ya zauna can baya, don kawai ya ji yadda maƙaryaci yake yawan rantsuwa. Duk wanda ya kashe a takarda sai ya yi masa uwa ko mata mai kuka. Babbar ƙa'idar kuwa, ba ya ba mai laifi sana'a ko kamannin wani da ke raye a garin. Ya san mu sarai. In ka ce ɓarawo gurgun tela ne, gobe duk kasuwa gurgun telanmu za ta kalla.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba aka tsinci gawar ƙanensa Buba a hanyar dawowa daga kasuwar Basirka, an sare shi. A ranar an ga sun yi cacar baki da Maikuɗi mahauci. 'Yan doka suka kama Maikuɗi, suka sake shi don babu shaida. Gari ya ɗauki zafi. Samari kalma ɗaya suke jira daga bakin wanda ake ganin girmansa, su cinna wa gidan mahaucin wuta.

Hawwa, matar Malam, ita ta ba ni labarin ranar da Barira, matar marigayin, ta fita takaba ta zo ta durƙusa a zaure.

"Yaya, kullum kana kama ɓarayi a takarda. Na ƙanenka ne ba za ka kama ba?"

"Waɗancan ni na ƙirƙiro su, shi ya sa na san su. Wannan ban sani ba, Barira."

"Kowa ya sani."

"Kowa yana zato."

"Ba sai ka faɗi suna ba. Ka ce mahauci ne kawai."

"In na ce mahauci, ai na faɗi suna."

Ta tashi ba sallama. Ta kwashe 'ya'yan Buba ta koma gidansu a Basirka, ba ta ƙara taka ƙofarsa ba. Aji ya rage. Wasu suka ce matsoraci ne, wasu suka ce an toshe masa baki da tsire. Har yau in na tuna masu wannan maganar raina ɓaci yake yi, don cikinsu akwai waɗanda shi ya koya musu rubuta sunansu.

Bayan shekaru na tambaye shi ko ya tabbata Maikuɗi ba shi da hannu. Na zaci zai ce i.

"Ban tabbata ba. Wata ranar nakan ga kamar shi ne. Tun lokacin ban ƙara iya cin naman tukubarsa ba. Zan iya tsara labarin yadda babu wanda zai yi shakka. Abin da ya ba ni tsoro ke nan."

Yanzu zamani ya juya. Kuɗin mai ya kawo kwalta da babura, kowane shago da rediyonsa, ana buga littattafai a birane, babu ko ɗaya mai sunan Malam. Maikuɗi ya tsufa a gidansa, ya aurar da 'ya'yansa, jikokinsa suna makaranta. 'Ya'yan Buba sun girma ba su san zauren baffansu ba.

Da za mu yi wa Malam walimar ajiye aiki, na hau babur har Basirka na roƙi Barira ta zo. Ta saurare ni har na gama.

"Ka ce masa Allah ya ba shi lafiya. Ka ce masa har yanzu ina jira."

Na kawo saƙon yadda aka ba ni. Ya sunkuyar da kai.

"Ni ma," ya ce.

Malam, kai ne ka buɗe wa ɗaruruwan manoma ido da labarin sata da kisa. Kai ne aka miƙa wa wuƙa a ranar da zuciyarka ta fi ta kowa ƙuna, ka mayar da ita kube, ka biya da zumuncin gidanku. Babu wanda ya tafa maka, mu ma ɗalibanka shiru muka yi. Mun gode, ko da godiyar ta makara.

Ku kuma masu tasowa da alƙalami, ku je ƙarƙashin dalbejiyar nan tun yana iya zama da baƙi. Ku koyi yadda ake ɓoye mai laifi a labari, ku koyi yadda ake kame hannu in ba a sani ba. Allah ya saka maka da alheri, Malam Hambali. Allah ya ji ƙan Buba, wanda har yau ba mu san wanda ya kashe shi ba.