Na Je Kuala Lumpur Duba Mai Gasa Tsatsa

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgin Kano, ni da tsohuwar gidana. 'Yarmu muka tafi dubawa a Kuala Lumpur. Shekara huɗu tana karatun digirin dakta a fannin kimiyya, 'ya'yanta mata biyu suna hannunmu, ga shi ta bugo waya tana kuka: aikinta ya ƙi, in bai fito kafin ƙarshen wata ba sai ta ƙara shekara.

Gwiwoyina sun ji jiki a jirgi. Garin kuwa zafinsa jiƙaƙƙe ne, kana wanka kana gumi. A unguwar Pantai Dalam take, hawa na sha huɗu, tsohuwa ta rantse ba za ta leƙa taga ba. Ranar Juma'a muka yi salla a Kampung Baru, muka ci shinkafa dafin ruwan kwakwa da kifi ƙanana kamar allura. Mutanen kirki ne, komai ka nema sai su ce boleh, wato zai yiwu. Mai shayi a rumfunan abincin da suke kira mamak yana tsiyayo shayi tun daga sama, na tuna mai shayin ƙofar maƙerarmu, Allah ya jiƙansa.

Ranar Litinin 'yarmu ta nema mini izini na shiga ɗakin gwajinsu, kowa sanye da farar riga. Jama'a, ni maƙeri ne ɗan maƙeri, a aji huɗu na sallami boko, amma na gane aikin. Garin tsatsar ƙarfe iri biyu take haɗawa, ta matse shi kamar ƙwayar magani, ta gasa. Na ce, "Uwata, tsatsar da muke kankarewa mu zubar kika tsallako teku ki karanta?"

Ta ce, "Baba, a cikin garin nan ƙwayoyin zarra a jere suke kamar sahun salla. In zafi ya kai wani mizani, sahun sai ya sake tsari. In ya huce a hankali ya koma na da. Ni na zafin nake son kamawa, shi ya sa nake tsomawa a ruwa. Amma na'urar da ke duba sahun kullum sahu biyu take nunawa a cakuɗe."

Na gyara hula na ce a yi a gabana. Ta buɗe murhun lantarki, ba zuga-zugi ba gawayi, ta ɗauko abin da awartaki yana ja kamar kwanduwar ƙwai. Sai ta juya, ta kewaye tebur, taku biyar na ƙirga, sannan ta kai ga ruwan. Kafin ta isa launin ya koma na ɗanwake.

Zuciyata ta tafi gida. Na ga mahaifina zaune a kan buzu, kaskon ruwa manne da gwiwarsa. Ranar da na matsar da kaskon don in share, sai da kunnena ya yi kwana biyu yana zafi. Wuƙar da aka yi yawo da ita kafin a tsoma ba ta riƙe kaifi.

Na ce, "Wa ya kai ruwan can?"

"Nan muka tarar da shi, kusa da famfo."

"To ki jawo shi gindin murhu. Kakanki ko numfashi ba ya yi tsakanin wuta da ruwa."

Sai da ta tambayi mai kula da ɗakin, saboda wayar lantarki. Ya duba, ya nemo kwano mai zurfi, ya ce boleh. Ta sake gasawa. Cuu! Ƙarar da rabona da jin ta tun da idona ya hana ni ƙira.

Kwana uku muka jira layin na'urar. Na hau jirgin ƙasa mai tafiya a sama zuwa Bukit Bintang, na kalli shaguna, ban fahimci komai ba, hankalina na kan ƙwayar da ta gasa. Ranar Alhamis 'yarmu ta shigo da takarda mai zane kamar haƙoran zarto, ta durƙusa a gabana: sahu ɗaya ne. Na duba takardar da kyau, ashe a juye na riƙe ta, na ce na amince.

Mun sauka Kano lafiya ranar Lahadi. Abin da tafiyar ta koya mini, sana'ar gidanmu da nake wa makoki tana nan, riga fara kawai ta saka. Jikokin suka tare mu a zaure, babbar ko jaka ba ta kalla ba.

"Alhaji, Umma fa?"

Na ce, "Ku share ɗakinta. Kafin azumi tana gida."