Ƙurungu a Tukunyar Isufu

Shin Kaka ta san abin da ke cikin ƙwaryar nan da ta sha, ko ba ta sani ba? Na tsufa da wannan tambaya, haƙorana sun zube a kanta, ban samu amsa ba. Da mu biyu muke riƙe da ita, ni da maigidana Isufu. Yau kwana arba'in da binne shi, ta dawo kaina ni kaɗai. Idan kun ji na yi shiru ina share ido, ku jira ni, zan ci gaba.

Mu Sarkawa ne, masunta, a bakin kogin Kwara aka haife ni nan Gaya, lokacin Nasara na mulki. Mahaifina yana da jirgi ɗaya da taru biyu. Kifin da bai samu mai saye ba kafin la'asar, sai a kai shi banda, kuma bandar gidanmu a hannun Kaka Dommo take, uwar mahaifina. Da an yi magariba za ta ja kujerarta kusa da wuta, ta riƙe wani tsinken ƙarfe da take juya kifi da shi, mu jikoki mu kewaye ta. Hayaƙi na korar sauro, yana kuma sa mu hawaye. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga kowa ya zauna. Sai ta ce, "Ga ta nan ta fito daga ruwa, ku matsa mata ta sha iska." Mu kuwa mu ce, "Mun matsa, Kaka."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, na dorina, na kada mai rowa, na matar da ta auri guguwa. Amma akwai ɗaya da ba ta yarda a yi dariya a cikinta, ita ce ta ƙurungu.

Ta ce a zamanin da, wata kakarmu ta tafi wanki bakin ruwa da jaririyarta. Ta kwantar da ita cikin babbar ƙwarya, ta juya tana dukan zane a kan dutse. Ruwa ya ɗago a hankali ya ɗauki ƙwaryar. Kafin uwar ta waiwaya, babu ƙwarya babu 'ya. Aka fito da jirage aka yi ta nema har rana ta faɗi. Ashe ƙwaryar ta maƙale cikin burgu, ciyawar nan ta ruwa, jaririyar ta yi kuka har muryarta ta mutu. Giwan ruwa ya wuce ya ce shi babba ne, ba ya shiga ciyawa. Karfasa ta wuce ta ce ba 'yarta ba ce. Sai ƙurungu, ɗan kifin nan mai ƙaya da taurin kai wanda ba ya kuɗi a kasuwa, ya tara 'yan uwansa suka kewaye ƙwaryar. Kun san ƙurungu yana da murya, in an ciro shi yakan yi ƙorr-ƙorr. To, suka ɗaga kai sama suka yi ta yi gaba ɗaya, har masu jirgi suka ji suka bi sautin.

Nan Kaka za ta nuna mu da tsinken ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. "Wannan jaririyar ita ta haifi wadda ta haifi ubana. Wanda ya yi kuka dominka ran da ba ka da murya, ba ka sa shi a baki. Kun ji ko ba ku ji ba?" Sai ta rufe da cewa tatsuniya ta koma ruwa, kowa ya tafi da rabonsa.

Ba wasa ba ne a gidanmu. In ƙurungu ya shiga tarun mahaifina, yakan cire shi da hannu, ko ƙayar za ta soke shi, ya mayar da shi ruwa. Ba ma cinsa, ba ya shiga tukunyarmu. Ina ƙarama na ga Kaka ta je da kanta ta ɗauko gwaggona daga gidan mijinta, don ya soya ƙurungu a kaskonta ya ba ta. Aka yi ta biko, limami ma ya sa baki ya ce wannan ba ya cikin addini. Kaka ta ce ta ji, amma alkawari ne. Gwaggo ba ta koma ba.

Na kai shekarun aure lokacin da Isufu ya fara zuwa sayen kifi wurin mahaifina. Kuku ne a gidan Kumandan, wato Nasaran da ke mulkin garin. Ɗan manoma ne daga Bana, mutumin tudu, bai san komai na ruwa ba sai abin da ke shiga tukunya. Yakan sayi karfasa da kan giwan ruwa, ya tsaya yana ciniki fiye da yadda cinikin ke buƙata. Ni ma nakan daɗe ina wanke kifin da na riga na wanke. Da maganar ta fito, mahaifina ya ɓata rai, ya ce ba zai ba namijin da ke ɗaura zane a ƙugu yana yanka albasa 'yarsa ba. Amma maganar ƙarshe ta Kaka ce. Ta sa aka kira Isufu.

"Kai ne kukun Nasara?"

"Ni ne, Kaka."

"Me kake dafa masa da har ya yi wannan tumbi?"

"Abin da ya fi so romon kifi ne irin na ƙasarsu. Supu suke ce masa."

"Romon kifi? Ni za a koya wa romon kifi? To ka zo ka dafa a nan in gani. Ba na ba da jikata ga hannun da ban ɗanɗana ba."

Ya zo ranar Lahadi da la'asar, lokacin Kumandan ya haye Malanbil, garin da ke tsallaken kogi. Ya zo da tukunyarsa, da rariyar ƙarfe, da burodi, da wata ƙaramar tukunya a rufe. Ya ce ƙananan kifi ne ya tafasa tun safe don kada zafi ya ɓata su, sun riga sun narke. Ba wanda ya leƙa.

Na koyi girkin nan daga baya, don haka zan iya faɗa muku yadda yake. Ana soya albasa da tafarnuwa a mai har su yi laushi, ba a bari su ƙone. A zuba tumatir, da ɗan busasshen ɓawon lemu. Nasara suna sa wani jan abu mai tsada da ake kawo musu daga ƙasarsu, Isufu kuwa gangamau yake sawa. Suna zuba giya, shi bai taɓa zubawa a gidanmu ba, lemun tsami yake matsawa. Sai a juye kan kifi da ƙananan kifi, da ƙashi da komai, a bar su su dahu har su rabu da siffarsu. Daga nan a zuba a rariya a yi ta dannawa da muciya, sai ruwa mai kauri ya fito ƙasa, tuƙa ta rage sama. A gefe kuma a daka tafarnuwa da barkono da cikin burodi, ana ɗiga man gyaɗa har ya haɗe. A gasa burodi a shafa masa wannan, a jefa cikin romon.

Kaka tana zaune tana kallo tana sharhi. Da ta ga yana danna kifi a rariya ta kama haɓa.

"Innalillahi! Wannan wace irin mugunta ce? Naman ka zubar, ruwan ka sha? Ashe Nasara ba su da haƙora."

"Daɗin duk ya sauka ƙasa, Kaka."

"Za mu gani, ɗan Bana."

Mahaifina ya ce yana da aikin taru, ya fita bai taɓa ba. Ni kuma kunya ba ta bar ni in ci a gaban mai nemana ba. Kaka ce ta karɓi ƙwarya. Ta shinshina, ta daɗe tana kallon romon, sannan ta kurɓa. Ta shanye, ta miƙa aka ƙara mata.

Aka ba ni rariyar in kai wa agwagi tuƙar a bayan gida. Ina juyewa na ga ƙayoyin. Ƙayar ƙurungu tana da haƙora kamar zarto, babu ɗan Sarkawan da zai ɓata ta. Na ƙirga har bakwai na daina. Ashe bayan ya bar jirginmu yakan gangara wurin wasu masunta ya sayi ƙananan kifin da ba a so, don su ne ke ba romon ƙarfi. Ba wanda ya taɓa gaya masa, ni ma ban gaya masa ba, don a wurina abu ne da duniya duka ta sani. Na tuna gwaggo. Na tona rami da hannu na binne ƙayoyin, na taka wurin, na dawo da rariya a wanke.

Bayan magariba Kaka ta ce Isufu ya zauna bakin banda ya ji irin namu. Cikin duk tatsuniyoyinta, ta ƙurungu ta ɗauko. Ina kallonsa ta cikin hayaƙi. Da ta kai wurin da ake cewa ba ma sa shi a baki, na ga gumi ya keto masa. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya gyara zama ya ce, "Kaka, akwai maganar da..."

"Ba a katse mini tatsuniya," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta kai ta ƙarshe, ta juya kifinta, sannan ta ce, "Tashi ka tafi, dare na yi. Jibi ka turo manyanka."

Washegari da sassafe na gan ta ta nufi bakin ruwa da ƙwaryar nono da gero. Haka ake yi in an saɓa wa ruwa. Amma haka kuma ake yi in za a ba da 'ya. Matar da ke gane kifi da ƙanshin hayaƙinsa tana cikin ɗaka, a ce ba ta gane ba? To in ta gane, yaya matar da ta raba auren 'yarta ta cikinta za ta nemi ƙari? Ta rayu shekaru bayan haka, ta ga 'ya'yana uku, ba ta taɓa tayar da zancen ba, mu ma ba mu yi ƙarfin hali ba.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar nan maganar abinci ce, ci wannan, bar wancan. Da na girma na fara ganin maganar wanda ya tsaya maka ce lokacin da manya suka wuce. Wani lokaci nakan ce ko Kaka ta dube ni a ranar ta ga ba ni da murya. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne Isufu, daga wannan dare, bai ƙara sa ƙurungu a bakinsa ba, shi da ba alkawarinsa ba ne. Nasara suka tafi, ya ci gaba da yi mana romon a gida duk sallah, da karfasa da kan giwan ruwa kawai. Kowa ya yaba, shi kuwa ya kurɓa ya ce, "Ba laifi." Na san abin da ya rasa a ciki.

Da ciwo ya kwantar da shi, abinci ya daina shiga. Kunu ma sai ya kawar da kai. Ran nan na ɗauki kwando na tafi bakin ruwa, na sayi ƙurungu a hannun wani Bazabarme da bai san ni ba. Ban sa shi a tukunyata ba. Na fito da tsohuwar tukunyarsa, na haɗa murhu a ƙofar gida, na yi komai yadda ya koya mini, ina danna rariya ina kuka ina neman gafarar Kaka. Abu ɗaya ne ban iya ba, ban ɗanɗana ba, da ido na zuba gishiri.

Na tallafo kansa na ba shi cokali ɗaya. Ya riƙe a baki, ya buɗe ido ya dube ni. Ya gane. Ya karɓi na biyu da na uku. Magana ɗaya ya yi, daga ita bai ƙara magana da kowa ba har ya cika da asuba. Abin da ya ce mini, yana riƙe da wuyan hannuna, shi ne:

"Gishirin bai ji ba, Ramatu. Amma bar shi haka, kada ki ɗanɗana."