Shekara bakwai babu Yaya Kulu, mai rakiyar masu naƙuda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Hajiya Kulu ta Gulma. Ta rasu lokacin cirar albasa, da hantsi, bayan jinyar kwana huɗu da hawan jini ya kwantar da ita. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. A shekarun baya, in wannan lokaci ya zagayo, addu'a kawai nake yi mata a ɗakina. Bana na kasa yin shiru, domin aikin da ta bari yana neman wargajewa a kan idona, kuma ina cikin waɗanda za a tambaya.

Ga wanda bai san ta ba, Yaya Kulu ungozoma ce, a wurin kakarmu ta gaji aikin. Ba ta taɓa shiga aji ba. Ni aka kai boko, na zama malamar firamare, aure ya kawo ni Nasarawa a Birnin Kebbi. Ta daɗe tana karɓar haihuwa a ɗaki, har ranar da jini ya ɓalle wa wata maƙwabciyarta, ta cika a hannunta kafin a samo mota. Daga ranar ta ajiye reza. Ta tara dattijai mata irinta suka zama 'yan rakiya. Da mace ta fara naƙuda, ɗayarsu za ta bi ta asibiti a Argungu, ta riƙe mata hannu, ta shafa mata baya, ta yi wa ma'aikata bayani in kunya ko ciwo ya hana ta magana, sannan ta dawo da ita gida. Ba mai biyansu. Wani lokaci sabulu ne ladan, wani lokaci "an gode".

Mu ma a Birnin Kebbi muna da tamu ƙungiyar, ta malaman makaranta da ma'aikatan jinya masu ritaya da 'yan kasuwa. Aikinmu na baki ne da takarda. Mu je gidan rediyo, mu je ofis mu roƙi a tura ma'aikaciya mace ƙauye, ko a gyara famfon ɗakin haihuwa. Shugabarmu Iya Risika, Bayarabiya mai shagon atamfa, wadda ta fi wasunmu iya Kabanci. Ni ce sakatariya.

Gaskiyar magana, a da mu da 'yan rakiya ba ma ga maciji da juna. Mu muna ganin ungozomomi ne ke riƙe mata a gida har sai an makara. Su kuma suna ganinmu matan birni masu rataye jaka, a yi taro a ɗauki hoto a watse. Ni da yayata ciki ɗaya muka fito, amma ko a gidan suna muka haɗu, ba ma taɓo zancen.

Abin da ya haɗa mu ya faru wata damina da gulbi ya cika ya shanye hanya. Wata mai suna Saratu, daga wata tunga a bayan Gulma, ta haihu a gida kafin 'yan rakiya su iso, mabiyiya kuma ta ƙi fita. Yaya Kulu ta sa aka ɗauko ta a kwalekwale, aka sa ta a napep har Argungu. A can aka fitar da mabiyiyar, amma ta zubar da jini da yawa, sai aka turo su Birnin Kebbi. An gwada jinin mijinta, bai dace ba. Ina tashi daga makaranta bayan azahar wayata ta yi ƙara.

"Hauwa, ku da kunka iya magana, yau ga ranarku," in ji ta. "Ɗiyar mutane na nan tana tahiya. Jini muka biɗa, ba takarda ba."

Na hau babur ɗin kabukabu sai shagon Iya Risika. Ba ta bari na ƙarasa ba ta ja ƙofar shagon, ta bi layin kasuwa tana kiran mutane da sunansu. Cikin waɗanda suka biyo mu, jinin wani tela da na wata mai sayar da banda ya dace. Saratu ta rayu, jaririyarta ma haka. Da la'asar na fito na tarar da Yaya Kulu da Iya Risika a benci ɗaya ƙarƙashin darbejiya, suna cin gyaɗa a leda ɗaya, kamar sun shekara da sanin juna.

Daga nan muka riƙa zama duk ƙarshen wata, wannan karon a Argungu, na gaba a Birnin Kebbi. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. 'Yan rakiya su faɗa mana abin da suka gani da idonsu: inda babu ruwa, inda aka yi wa mai naƙuda tsawa, gidan da maigida ke hana zuwa awo. Mu kuma mu kai maganar inda za a ji, ofis ne, ko wurin liman, ko wurin mai gari. Muka tara sunayen masu ba da jini. In za mu ofis, Yaya Kulu takan biyo mu. Mu karanta takardarmu mu gama, ita kuma ta ambaci mace ɗaya da sunanta da yadda ta kwana biyu tana naƙuda. Sau da yawa nata bayanin ne ke sa mai ofis ya ajiye biro ya ɗago kai.

To, yau fa? Ciwon gwiwa ya zaunar da Iya Risika a gida. Matasan da suka karɓe mu suna da himma, ba zan ci haƙƙinsu ba, amma yawancinsu ba su taɓa taka Gulma ba. Shekara biyu da suka wuce wani bawan Allah ya ba da napep don ɗaukar masu naƙuda. Namu suka ce a ajiye shi a Argungu, inda akwai mai da makanike. 'Yan rakiya suka ce naƙuda ba a Argungu take farawa ba. Ana cikin musu sai wata yarinya daga cikinmu ta ce waɗanda ba su yi karatu ba ba za su iya kula da shi ba. Ina zaune a wurin, da biro a hannuna, ban ce komai ba. Tun daga ranar ba su sake zuwa taro ba. Napep ɗin yana nan a wani gida a Argungu, tayoyinsa sun sace, makullinsa na cikin akwatina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan aiki abin da ke shiga ta tsagar mutuwa ce.

Watan jiya 'yan rakiya sun kawo wata mata Birnin Kebbi tana bukatar jini, ba su kira mu ba. Danginta ne suka yi ta yawon nema. Ta tsira da ƙyar, ni kuma sai bayan kwana uku na ji labari a kasuwa. Na kira Inna Dije, wadda ta gaji yayata a jagorancinsu, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Malama, mun ɗauka kun gaji da mu." Ba da faɗa ta faɗe shi ba, shi ya sa ya fi tsaya mini a rai.

Nakan tambayi kaina me Yaya Kulu za ta ce da ta leƙo. Za ta ji daɗin ganin kusan kowace 'yar rakiya da waya a hannu, da ganin 'yan matan ƙauyenmu suna karatun aikin jinya. Amma ba mai lallashi ba ce. Na san da ni za ta fara, ba da yarinyar da ta yi maganar ba. Za ta ce ita yarinya ce, ke fa da kika san ni?

Ba zan ɓoye ba, akwai tawa damuwar a ciki. Autar Yaya Kulu tana aure a wata tunga bakin gulbi, da cikin wata biyar. Haihuwarta ta fari sai da aka yi mata aiki, wannan kuma za ta faɗo tsakiyar damina. Ina da tabbacin Inna Dije za ta rako ta. Abin da ban sani ba shi ne ko za su tarar da wani yana jiransu a nan.

Yayata ba ta bar gini ba, ba ta bar takarda ba. Abin da ta bari shi ne a yau, in mace ta fara naƙuda a Gulma, yawancin gidaje ba sa tambayar ko za a kai ta asibiti, sai dai wa zai raka ta. Wannan ya zauna, ko mu ba za mu iya rushe shi ba. Ɗaya rabin aikin, wato mai rakiya ta san tana da 'yan'uwa a birni, shi ne ba ya tsayuwa da kansa, sai an riƙe shi.

Na je na faɗa wa Iya Risika komai. Ta ce in samo mota, ko ɗaukarta za a yi a sa ta ciki, ranar Asabar mu tafi Gulma da makullin napep ɗin, in ba da haƙuri da bakina a gaban kowa. Ban san yadda za su karɓe mu ba. Jiya da yamma na ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas.