Ƙyallayen Mma Adiza

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko, Mma Adiza ta riga ta fito daga Dabokpa da daro a ka. Ba talla take yi ba. Gida-gida take bi ta ƙofar baya, inda mata ke wanke-wanke, wannan ta zuba mata kwanon masara, waccan rabin kwanon gyaɗa. Sahada mai nono takan tare ta a hanyar ruga da dawar da ta samu a musayar madara. Susunmu ke nan, wato adashenmu, mu matan Tamale marasa banki. Tun shekarar da aka karɓe takardun sidi hamsin muka daina yarda da takarda. Hatsi dai ba a soke shi a rediyo.

Ni Hawawu mai kifi ban shiga aji ba. Mai rubuta wa mutane takarda a bakin kasuwa na biya ya rubuta min wannan, na ce masa in ya sassauta min kalma ɗaya zai maido min kuɗina.

Ita ma Mma Adiza ba ta rubutu. Kowace mace takan yago ƙyalle daga gefen zanenta, a ɗaure bakin buhunta da shi, a jingine a ɗakin Mma. Wadda ta rasa iri ko jari, a ɗibar mata daga buhun wata, in ta samu ta mayar da ɗan ƙari. Mazanmu ba su sani ba. Da sun sani, da buhun Salimatu maƙwabciyata ya zama sabuwar tayar keke.

Sai ga shekarar tamanin da uku. Ruwa ya ƙi, wuta ta cinye gonaki, samarin kwamitin unguwa suka shiga bin gidaje suna neman masu ɓoye abinci, wai 'yan kalabule. Macen da aka kama, kasuwa ake kai ta a kwantar a yi mata bulala.

Ranar nan Salimatu ta shigo gidan Mma a guje, ko takalmi babu.

"Mma, 'yan kwamiti suna unguwar Changli! Nan za su yo!"

Mma Adiza ta dubi buhunan. Ba su ɓoyuwa. Amma duk wanda ya ga ƙyallayen nan zai gane zanen matarsa ko na uwarsa. Ta ɗauki wuƙar albasa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana yankewa, ta cusa a lalitarta. Tana gyara ɗaurin zane suka banko ƙofa, Osman a gaba, yaron da ta sani tun yana yawo ba wando.

"Mma, buhunan nan na su wa?"

"Nawa ne."

"Duka?"

"Ka ga sunan wani a jiki?"

"Ki faɗi masu su, ku raba hukuncin. Ke kaɗai ba za ki iya ɗauka ba."

"Osman, ka karya kuwa? Na ga leɓenka ya bushe."

A tsakiyar kasuwa suka zaunar da ita kan benci, suka fizge ɗankwalinta, suka aske mata kai da reza, ko ruwa ba su shafa ba. Suna yi suna tambaya, tana cewa nata ne. Na kutsa zan yi magana, ta ɗago da jini a goshi ta harare ni.

"Hawawu, koma kan kifinki. Wa ya kira ki?"

Hatsin suka sayar wa 'yan uwansu a farashin gwamnati. Babu wanda ya ce ta biya mu, amma ta kafa kaskon ƙosai, ta riƙa mayar wa kowace da nata kwano-kwano. In na mace ya cika, ta zaro ƙyallenta ta miƙa mata. Na ƙarshe ranin da ya wuce ya koma hannun Sahada.

Bana gwiwa ta ƙi, Mma ta ce ta ajiye daro. Da ta ji an buɗe ofishin ba wa mata rance a unguwar Choggu, ta dogara sanda ta tafi don ta tsaya wa matanta, a san su. Wa ta tarar a tebur? Osman, har da tabarau.

"Mma, doka ce. Wanda aka taɓa kamawa da kalabule ba ya tsaya wa kowa."

"To," ta ce, ta juyo. Tun ranar ba ta leƙa waje ba.

Wai su ne za su koya wa talaka ajiya! Da me suka tara ko kwano ɗaya?

Mma Adiza, ke ce rumbun marasa rumbu. Ke ce kika ba da kanki aka aske don namu su tsira. Kin ce mu yi shiru, mun yi. Yau ki gafarce ni, ba zan ji maganarki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya warkar da gwiwar nan. 'Yan mata masu tasowa, in za ku riƙe amanar mutane, haka ake riƙe ta.

Ku kuma matan Dabokpa, zanen nan mai yagaggen gefe yana ƙasan akwatin kowace, na sani. Ranar Litinin ku ɗauro shi, ku riƙo ƙyallenku, mu sa Mma a gaba har Choggu. Osman ya tambaya buhunan na su wa, za mu ba shi amsa. Ko ya wanke sunanta a gaban jama'a, ko ya sayo reza da yawa, don babu ɗankwali za mu je.