Mama Chidera da Talabijin Ɗin Shagonta

Yau Laraba. Ƙafafuna sun kumbura, sallar asuba ma a zaune na yi ta. Hannu dai yana iya riƙe biro.

Ranar Lahadi, 12 ga Oktoba, Allah Ya yi wa Ifeyinwa rasuwa, mai shagon kayan masarufi da ke jikin gidana a Wunti, wadda duk unguwa ke kira Mama Chidera. 'Yarta Chidera ce ta bugo mini waya, ta ce gobe Alhamis da sassafe za su tafi da gawar garinsu a kudu. Yau kaɗai ta rage mini in yi musu gaisuwa, gidansu kuwa can Yalwa yake. Na aika wa jikana Abdulbaqi ya zo da babur ya kai ni.

Ifeyinwa, ke kin san wane ne Abdulbaqi. Lokacin da uwarsa ta rasu aka kawo mini shi, ko wando bai iya ɗaurawa ba. Ni tsohon malamin firamare ne, na iya koyar da karatu, ban iya reno ba. A shagonki ya girma, shi da Chidera a kan benci guda, kwano guda.

Talabijin ɗinki ne kaɗai a layinmu a lokacin, yara kan cika shagon har bakin kwata. Amma da an kira salla sai ki kashe shi, ko da ana tsakiyar ƙwallo. Ki ce, "Kowa masallaci! Abdulbaqi, ina kallonka, ba ka wanke ƙafa ba." Ke Kirista ce, amma buta kika saya kika ajiye musu. Na taɓa tambayarki dalili, kika ce, "Baba Malam, yaron da ba ya tsoron Allahnsa, gobe ni zai fara yi wa sata." Muka yi dariya. Ranar da Abdulbaqi ya bi abokai gidan kallo ya tsere wa makaranta, ke kika rufe shago kika kamo shi da kunne har gaban hedimasta.

Yanzu ya zama magidanci. Talabijin ɗinsa yana aljihunsa, babu mai kashe masa. Jiya a waya ya ce mini ya ji wani mai wa'azi a intanet, abokansa kuma sun ce zuwa irin wannan gaisuwa akwai magana. Na ce masa malaman da suka karantar da mu haƙƙin maƙwabci suka fara koya mana, ba su kuma ce sai wanda muke alƙibla ɗaya da shi ba. Na ce, "Wa ya koya maka wanke ƙafa a alwala?" Ya ce, "Zan duba, Kaka."

Ifeyinwa, lamarinki yana hannun Ubangijin da Ya halicce mu duka, Mai adalci, Mai rahama. Ni dai shaida ne kin riƙe maƙwabtaka. Allah Ya ba Chidera da ƙannenta haƙuri, Ya kai su gida lafiya, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Tun azahar na sa hula na zauna a zaure. Duk babur da ya wuce sai na ɗaga kai. Ga shi ana kiran magariba. Abdulbaqi bai zo ba.